Dabinon da Ban Tauna Ba

Unguwar Zariya, Maraɗi, 9 ga Fabrairu 1993

Aminiyata Fadila,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan lise, sakandarenmu, a rufe take, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, makaɗan jam'iyyu kaɗai ke da aiki a garin.

Zuliha, matar ƙanena Sha'ibu, ta sauka a Tsibiri, mace. Da na je barka, ko zama ban yi ba Inna ta miƙo mini dabino, wai in tauna in sa wa jaririya a baki don ta ɗauko kaina. Shekara da shekaru suna cewa karatu ya hana ni aure, yau kuma ana neman irinsa.

Kin tuna ƙurajen nan masu ruwa da ke feso mini a leɓe bayan zazzaɓi? Sun fito. Likita ya taɓa gaya mini ga babba ba komai ba ne, amma suna iya kashe jariri. Na ƙi taunawa. Na yi bayani har da sunansu na Faransanci, nan na ƙara ɓata lamarin. Inna ta ce tara ta haifa, ba ta taɓa jin ƙurji ya ci ɗa ba. Ban tuna mata huɗun da muka binne ba. Wata gwaggo daga Jiratawa ta ce wadda ba ta haihu ba, ko miyau rowarsa take.

Ki gaida kowa.

Taki,
Malika

17 ga Fabrairu

Fadila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an yi suna. Da ma Sha'ibu ya yi alkawarin takwara zai yi mini. Liman ya raɗa Tahira. Na yi guɗa tare da mata, har aka yaba muryata.

Leɓena ya warke sarai. Yarinya lafiya lau, jajir da ita, abin da na so ke nan, sai dai ba wanda zan faɗa wa haka sai ke. Na miƙa hannu in ɗauke ta, Zuliha ta ce barci take. Idonta biyu, Fadila, tana kallona.

Sha'ibu ya rako ni zaure, kansa a ƙasa, ya ce Yaya, ki bari sai an yi arba'in ki dawo. Ban gama gyara mayafi ba na ji ya tura ƙyaure. Na taka zuwa tasha.

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Taki kullum,
Malika