Kaskon Lubban a Jirgin Mithal

Keti Bandar

Baban Mithal,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ya zafin Maskat, ya kuma gwiwar da ke damunka? Mu nan sai godiyar Allah.

Mithal ya sayi tsohon jirgin ruwan marigayi Waryam. Katakon da sauran ƙwarinsa, sai dai injin na mota ne, mai fetur, an ciro shi an dasa yadda yake. Ustad Jumman makanike ya ce mota iska na ratsa ta ta ƙasa, jirgi kuwa ƙwarya ne, tururin fetur kwanciya yake a ƙasansa yana jiran tartsatsi. Wai sai an sauya sitata da wadda ba ta tartsatsi, a rufe kafireto da ragar ƙarfe, a sa fanka mai zuƙe warin, salansa kuma ruwa ya riƙa sanyaya ta. Daga Karachi kayan za su zo.

Yaron ya ƙi jira. An buɗe lokacin kamun kifi a teku, abokansa na shigowa da jatan lande, suna tsokanarsa wai gadon kwana ya saya. Ya ce wa Ustad, "Kawu, injin nan shekara da shekaru yana kai amare garin Thatta bai taɓa kamawa da wuta ba." Ustad ya ce, "To ka koma ɗaukar amare, ɗan nan, teku dai ba da yawuna ba."

Mithal ya ce Asabar zai fita. Ban yi masa faɗa ba, ka san ɗanka, in ka ja sai ya ja. Tausayinsa ma nake ji, so yake ka dawo ka huta, shi ya riƙe gidan. Amma abinci ya ƙi shiga mini. Ka taya mu da addu'a.

Matarka,
Hakimzadi

Baban Mithal,

Assalamu alaikum. Allah ya sa ka tashi lafiya, ya ƙara sauƙin gwiwa. Kwantar da hankalinka, bai fita ba.

Ran Juma'a da la'asar na ɗauki kaskon turaren lubban, na rufe shi da murfi, na tafi bakin ruwa. Na ce masa yadda Innata take turara kowane jirgi kafin fitarsa ta fari, haka zan yi wa nasa, har ƙasa wurin injin. Na sa ƙafa a kan katakon hawa. Ban taɓa ganin ya yi tsalle irin wannan ba. Ya riƙe hannuna, yana cewa, "Umma, kada ki sauka da wuta! Warin fetur ya taru a ciki!"

Na ce, "Ɗana, wurin da bai dace da uwarka ba, ta yaya zan bar ka a cikinsa?"

Ya zauna a kan igiya. Abokansa da suka taru babu wanda ya yi dariya. Can ya ce a kira Ustad.

Kaya sun iso, ana ta aiki. Jiya na kai musu shayi da gurasar shinkafa, na tarar Mithal na shinshina ƙasan jirgi kamar kyanwa, Ustad na cewa hancin nan ya fi fankar aiki.

Abu ɗaya ke damuna. Gawayin da ke kaskon nan ba wuta a jikinsa, ban hura ba. Da bakina ban ce akwai ba, amma na bar shi ya zata. Don Allah ka tambayar mini limaminku ko wannan ƙarya ce. In ya ce ƙarya ce, zan nemi gafarar Ubangiji. Sai dai kada ka gaya wa yaron tukuna, bari a gama ɗaura fankar.

Taka har kullum,
Hakimzadi