Janareta a Ƙarƙashin Tagar Karafan

Anti Hikima, don Allah ki taimake ni.

Tun Juma'ar da ta wuce ban dawo daidai ba. Maigidana ya sayi tsohon karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, don mu riƙa fita bayan gari shan iska. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, na daɗe ina mafarkin irin wannan fita, daga ni sai shi sai rairayi. Har labule mai furanni na ɗinka wa tagar.

Da muka sauka, sai ya kewaye karafan da zanen tanti don kada mazan da ke kusa su hango ni. Janaretan da ke ba mu wuta ma a cikin kewayen ya ajiye shi, ƙarƙashin taga, wai kada yashi ya shige shi. Bayan Azahar na kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na kwanta da littafina. Kaina ya fara sarawa, layuka suna rabuwa biyu. Wallahi murmushi na yi, na ɗauka laulayi ne, don cikina wata uku. Ban san sanda na faɗi ba, sai farkawa na yi a waje yana yayyafa mini ruwa yana kuka.

Hajiyarsa ta ce aljanun wurin na taɓa, don na zubar da ruwan shayi mai zafi ba bismilla. An yi mini ruƙiya, halas, magana ta ƙare. Jibi za mu koma, har da ita. Na ambaci hayaƙi, maigidana ya ce ai bai ji wari ba. Ina sonsa, ba na son ƙaryata Hajiya, amma na yanke shawara: ba zan sake shiga karafan ɗin nan ba.

Mai Labule, Madain Fahd

'Yata Mai Labule,

Allah ne ya tsare ki. Abin da kika kwatanta alamun gubar hayaƙin janareta ne. Ba ta da wari, kuma tana kisa. Zanen da ya kewaye ku shi ya tare ta har ta shigo miki. Ki ga likita yau, ki faɗa masa kina da ciki.

Mijinki ba mugunta ya yi ba, suturta ki ya so yi. Hajiya ma tsoro ta ji. Ki bar mata ruƙiyarta, kada ki yi musu da ita, shi za ki zaunar ku biyu. Janareta ya zauna a fili, wajen zanen, taku goma nesa da karafan, bakin hayaƙinsa na kallon inda iska ta nufa. Mijinki ya samo doguwar waya mai kauri, da na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru. Kada a ƙara masa fetur sai an kashe shi ya huce.

Idan ya yi waɗannan, ki tafi da littafinki. Idan ya ƙi, ki zauna a gida, ki roƙi Hajiya ita ma ta zauna.

Allah ya sauke ki lafiya.

Anti Hikima