Bala Ya Raka Gawa da Mota

Zuwa ga ƙanena Isiyaku a Ikko,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Da fatan ƙafar mai ɗakinka ta yi sauƙi. Mu nan Fagge lafiya lau, sai dai ɗanka Bala ya ƙure ni.

Maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, wanda ya koya masa alwala, ya rasu ranar Talata. Da aka ɗauki makara kowa na sa kafaɗa, wannan ya karɓi wancan. Bala kuwa yana biye da mu cikin motar da ya saya da ribar kwangila, gilashi a rufe, wai kada shaddarsa ta ɓaci! Na yi masa faɗa, sai ya ce, "Baffa, ai alhini a zuci yake."

A zuci! Isiyaku, mu da kafaɗa muka koyi tausayi. Tun muna ɗauka don tsoron Baba har ya zama halinmu. Wanda bai saba ba, a wane kantin Sabon Gari zai sayo shi?

A gaida yara. Ka rubuto masa, ku kuma taya mu addu'a, don wata rana ni ne a kan makarar nan, kuma ba na son ɗanmu ya raka ni da mota.

Yayanka,
Garba