Famfon da Ya Ƙi Gyaruwa

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama? Ya Auta da rigimarsa? Ni lafiya lau, makaranta ba laifi. Sai dai Gwaggo a wurin aiki take wuni, in na dawo ba wanda zan ce wa sannu sai littattafan soyayyata.

Ga wata magana, don Allah ta tsaya tsakaninmu. Kin san Baba a waya: "Lafiya? Karatu? Madalla, ga mamanki." To kwanaki na ce masa maɓallin da ake ja a bahon wanka don ruwa ya koma shawa ya lalace, rabin ruwan yana tsiyaya ta famfon ƙasa. Yaya, ana taɓo sana'arsa ta gyaran famfo sai ga Baba da surutu! "Rufe ruwan gidan tukuna. Naɗa tsumma kafin ki sa sifana. Robar ciki ce ta cinye." Har 'yar Baba ya kira ni. Wallahi jaruman littattafaina ba su taɓa faɗin abin da ya yi min daɗi haka ba.

Tun ranar na canza robar, yoyo ya tsaya. Amma duk sanda ya kira sai in ce da saura.

Yanzu ya fara cewa Gwaggo ta nemo mai gyara kawai. Ke da kike zama a shagonsa, don Allah me kuma yake lalacewa a banɗaki?

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki