Gahawa ta Ƙarƙashin Gwiwa

Yaya Mrika,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mijinki da yara. Ya Italiya, ya aikin gidan mutane? Malama Tereza ce ke rubuta min, ina faɗa tana sawa a takarda. In kin ga magana ta karkace, bakina ne.

Yaya, abin da kika ji gaskiya ne. Kola, ƙanin mijina, ya harbe Nduwe ɗan Baba Preka a kan ruwan ban gona, wai ranarsa ce aka karkatar masa da ruwa. Kafin a ɗauke gawa ya tsallake dutse, har yau babu labarinsa. Ya gudu ya bar mana jini a ka. Kin san yadda ake yi, kowane namiji na gidan ake bi. Maza biyu suka rage, mijina Lulash da Marash ɗina, wanda ko shekara biyar bai cika ba. Dattawa sun ce ba a taɓa yaro. Haka suka ce a ƙetaren rafi ma, kuma kin san abin da ya faru.

An je roƙo gidan Baba Preka, sun ba mu amanar kwana talatin, ba za su taɓa kowa ba sai ta ƙare. Saura sha tara. In ta ƙare Lulash ba zai ƙara taka waje ba, cikin gida ne kaɗai ba a bin mutum.

Ga abin da ya fi ruɗa ni. Ran Lahadi na je coci na raɓe can baya. Da Fada, limamin cocin, ya ce a ba juna hannun salama, kowa ya kau da kai daga gare ni. Sai Baba Preka ya taso daga gaba da baƙar rigarsa, ya ratsa mutane, ya kama hannuna biyu. Ya ce, "Salama, 'yata. Ya tarin yaron?"

Yaya, ta ina ya san Marash na tari? Surukata ta ce tarko ne, so yake mu saki jiki. Ni ban sani ba.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki,
Dila

Yaya Mrika,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, takalmin ya yi wa Marash daidai, sai dai a tsakar ɗaki yake yawo da shi.

Amana ta ƙare sati uku ke nan. Na ɗaura wa Marash ƙararrawar akuya a ƙugu don in ji in ya nufi ƙofa. Shi wasa ya ɗauka, har kukan akuya yake min. Sau biyu na hango Zef, wan marigayin, a gindin ɓauren da ke kallon ƙofarmu, bindiga a cinya. Ba ya yin komai. Zama kawai.

An yi baftismar jikan Deda mai injin niƙa, matarsa Drane ta ba ni labari. Da aka zo raba gahawa, Deda ya ɗaga ƙafa ya miƙa wa Baba Preka kofinsa ta ƙarƙashin gwiwa, yadda ake wulaƙanta wanda bai rama jininsa ba. Ta ce tsohon ya sa hannu biyu ya karɓa, ya shanye, ya ce, "Matarka ta iya gahawa, Deda. Ta sama ko ta ƙasa, daɗin ɗaya ne."

Wani ya ce masa ko ya sayar da bindigar ne ya sayi ɗankwali. Aka yi dariya. Shi bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya san nauyin ƙasar da ake zuba wa ɗa, ba zai ɗora wa wata uwa ba, kuma Almasihu yana kan gicciye ya yafe, to shi da wane ido zai je gabansa ran Lahadi. Zef ya miƙe ya yi fatali da kujera ya fita. Yana ta faɗa a gari cewa Fada ya shanye wa ubansa ƙwaƙwalwa.

Kuma kin san me? Duk Alhamis, ranar ruwanmu, Baba Preka ke zuwa ya ba masararmu ruwa, tunda Lulash ba ya fita. Ni na je in yi, ya ce in koma wajen yaro. Lulash na leƙensa ta taga, ranar ba ya iya cin abinci. Surukata ta daina cewa tarko. Jiya na gan ta tana naɗe cuku a tsumma, ba ta faɗa min na wa ba ne.

Amma Yaya, ba tsohon ke riƙe da bindigar ba. Duk gahawar da aka ba uban ta ƙasa, ɗan ne ke ƙonewa.

Taki,
Dila

Yaya Mrika,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki zauna kafin a karanta miki wannan, ni ma a zaune nake.

Ranar bikin Waliyyi Anton maza sun taru gidan Deda, ya sake yi wa Baba Preka ta ƙarƙashin gwiwa. Sai Toma maƙeri, wanda shi ne fa ya yi maganar ɗankwali, ya ture nasa kofin ya ce, "Nawa ma ta nan za ka ba ni." Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Drane ta ƙirga daga bakin ƙofa, mutum bakwai. Ta ce mijinta ya yi ta tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar shamuwa har ya dafa bango, wani ya ce a kawo wa Deda sanda. Da ya zo kan na takwas ya sauke ƙafar, ya miƙa da hannun dama.

Mata na ta dariya a bakin rijiya, ni kuwa ban taya su ba. Zef bai je gidan Deda ba ranar. Na ce yanzu an bar shi shi kaɗai da fushinsa, ai ya fi haɗari.

Ran Laraba da safe ina shanya sai na ji an ce, "Matar Lulash." Zef ne a bakin shinge. Na duba hannunsa, na duba kafaɗarsa, ban ga komai ba, amma rigarsa mai faɗi ce. Ya rame, Yaya. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Gadon bayan tsohona ya ƙare a gonarku. Ki faɗa wa mijinki gobe ruwansa ne, ya fito ya yi aikinsa da kansa."

Na ce amana ce ya ba mu? Ya ce, "Na ce ya fito." Ya juya.

Bai ce ya yafe ba. Babu dattijo, babu Fada, babu shaida. Da gari ya waye na kama rigar Lulash ina roƙonsa ya jira. Ya ce mutumin da aka kashe wa ɗa ya yi wata biyu yana masa noma, in ya ƙi fita yau, ya ce musu maƙaryata ke nan. Surukata da kanta ta miƙo masa fartanya.

Jiya Alhamis ya fita. Na toshe wa Marash kunne da hannuna, na tsaya a taga. Zef na can saman gona a bakin magudanar ruwa, daidai inda Nduwe ya faɗi. Lulash ya yi ta hawa wajensa, ba abin da ya kare shi. Na ga Zef ya sunkuya, na rufe ido. Da na buɗe, dutsen da ke tare ruwa ne ya ɗaga, ruwa ya gangaro gonarmu. Ba su gaisa ba. Kowa ya kama layinsa. Baba Preka na zaune a kan katanga, hula a gwiwa, bakinsa na motsi.

Da rana Lulash ya dawo, taɓo har gwiwa. Na wanke masa ƙafa.

Har yanzu tsoro bai sake ni ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɗazu Marash ya tambaye ni ko shi ma zai fita gobe ya ga akuyoyi. Na ce masa eh. Malama Tereza ta riga ta rubuta, kin ga ba ni da halin janyewa.

Ki kunna mana kyandir. Ƙanwarki,
Dila