Saƙar Zuma a Matashin Kaka

Zuwa ga maigidana Mai Kwalabe,

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici, tunda an ce kai ne mai ilimin gidan nan. Shekara bakwai yana ɗauke da ƙarfe a ka bai ce wash ba, ranar da aka sauke masa kuwa ya je gaban manya ya wanke ubangidansa tas. Mene ne? Riƙe, ina zuwa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da kai da matarka da ɗan tattaɓa-kunnena. Ni lafiya lau sai gwiwa, ita ma mun saba.

Jiya mamanka ta faɗo ɗakina ko takalmi ba ta tuɓe ba, ta ce kwamitin wurin aikinku ya wanke ka. Alhamdu lillahi. Wata biyu ke nan tun da tsohon abokin aikin nan naka ya ce sinadarin da ka haɗa daga ɓawon itace nasa ne, kai kwafa ka yi, nake ta addu'a dare da rana. An ce da sun yarda da shi, sai su soke takardar bincikenka, su karɓe makullin ɗakin kwalabenka. Takardar da mamanka ta ce masana sama da ɗari huɗu sun ambata a nasu rubutun! Ni da na goya ka, ko sau ɗaya ba a ambace ni ba, amma ba komai.

Ka tuna ka bugo waya, ka ce a nemo littafin aikinka mai shuɗin bango, wanda marigayi malaminka ya sa hannu da kwanan wata a kowane shafi. Mun zazzage akwatuna, mun ɗaga katifu, babanka ya hau saman kwaba ya sauko da yanar gizo a gemu. Da littafin ya fito, ƙanwarka ta kawo maka, na ce ta faɗa maka a cikin kayanka aka gani. To, ƙarya na sa ta yi, Allah ya yafe mana.

Ga gaskiyar. Rannan mamanka ta nuna mini takardar taka a waya don in san abin da nake wa addu'a. Turancin ya fi ƙarfin ajina uku, amma sai na ga wani zane kamar saƙar zuma, gida uku manne da juna da 'yar jela a gefe. Na juya na dubi matashin kaina: ga shi nan da jan zare, har jelar. Shekarun baya na tsinci wani littafi cike da irin zanen, na ce ashe yaron nan ado yake koyo a makaranta, na zaɓi mafi kyau na ɗinke. Ina gamawa na lura keken ɗinkina na rawa, don daɓen ɗakin ya lotsa ta kusurwa. Sauran ka ƙarasa da kanka.

Ka yi haƙuri da ramin da ke tsakiyar bangon. Lambobin da ke shafin ƙarshe kuma, in manyan naku sun tsaya nazarinsu, ka ce su huta: awon rigar maƙwabciyata ne, kafaɗa da ƙugu.

Ka ga ke nan ni na fara yaɗa bincikenka, tun kafin ɗari huɗun nan su san da kai. Mata shida a layinmu sun kwafi zanen daga wurina. Ka ƙara su a lissafi.

Ka riƙa cin abinci, an ce ka rame kamar tsinken tsire. Ka gaishe da mutan gida. Keke ya koma rawa, in kana da wani littafin mai kauri da ba a shari'a a kansa, ka aiko.

Taka har kullum,
Kakarka

Af, amsar kacici-kacici: littafinka ne. Ƙarƙashin ƙafar kekena ta hagu ya yi shekara bakwai.