Gwiwar Bot a Filin Siminti

Kabong, Jos.

Zuwa ga Yaya Mwadkon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Loyis da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Allah ya tsare ku, ya ƙara muku lafiya. Mu ma nan mun gode masa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata, dankalin bana kuma ya yi kyau.

Na zaɓi rubutu ne saboda maganar ƙaninmu Bot ce, kuma na san in na fara ta a waya kuka ba zai bar ni in ƙarasa ba. Ka tuna babban filin bayan unguwa inda ka koya masa ƙwallo? Masu shi sun zagaye shi da katanga, sun jibge bulo. Ƙungiyarsu ba ta sami wurin atisaye ba sai wani ɗan filin siminti a wajen Farin Gada. Wurin ba ya ɗaukar su duka, sai kocinsu Abdulfatah ya raba su huɗu-huɗu. Ni har murna na yi, a zatona ƙaramin wuri ai gudu kaɗan ne. Ashe ba haka ba ne.

A asibiti kocin ya yi mini bayani. Ya ce a babban fili mutum yakan yi dogon gudu, sannan ya ɗan sarara idan ƙwallo ta yi nisa. A ƙarami kuwa ƙwallo ba ta barinka. Ka zabura, ka ja birki, ka juya, ka sake zabura, duk nauyin a gwiwa da idon sawu yake sauka, ga siminti ba ya tausayi. Shi ya sa yake gajarta wasan, yana tsayar da su su huta. To amma an kira Bot gwaji a wani kulob a Kaduna, hankalinsa duk ya koma can. Da an hura usur na hutu, sai ya roƙa a bar shi ya shiga rukuni na gaba. Ranar da kocin ya tafi jana'iza, babu mai hana Bot. Ya juya zai kauce wa wani, ƙafa ta kafe, jiki ya wuce. Abokansa sun ce har ƙarar suka ji.

Likita ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, sai an yi masa aiki, kuma za a daɗe kafin ya sake taka ƙwallo, in ma zai taka. Ranar gwajin ta zo ta wuce yana kwance. Kocin yana ta cewa da ma ya soke atisayen ranar. Mama cewa take da ma an bar musu filinsu na ciyawa. Ni kuwa, Yaya, da ma kana gida, don kai kaɗai kake ce masa ya isa ya ji.

Yanzu da sanda yake tafiya, magana ma sai an matsa masa. Ranar Asabar ya sa na raka shi filin simintin a keke-napep. Ya zauna a gefe yana kallo, can na ji yana ɗaga murya yana ce wa abokansa su fito su huta. Babu wanda ya waiwayo. A hanyar dawowa ya ce mini bai ga laifinsu ba, shi ma da haka zai yi.

Don Allah ka kira shi. Kada ka yi masa alkawarin zai koma fili, kowa ya yi masa wannan har ya gaji da ji. Ka dai bar shi ya yi magana.

Mama da Baba Dantong suna gaishe ku. Ka gaida Anti Loyis, ka shafa mini kan Fibi da Jeffrey. Ku sa Bot a addu'a.

Ƙanwarka,
Firisila